Wutar da Ta Ƙi Ɗaukewa

Asabar, 11 ga Mayu, bayan azahar

Jiya da safe aka binne Ƙasimu. To, na rubuta sunansa. Tun shekaranjiya nake ta cewa "abin da ya faru", kamar in na ƙi kiran suna za a fasa.

Bari in rubuta abin da kowa ya sani, tunda shi ne mai sauƙi. Ranar Alhamis ana idar da sallar la'asar iska ta taso, irin ta bakin damina, ɓarna da yawa ruwa kaɗan. Ta kwantar da turken wuta ɗaya a layin da ya tafi fadama. Waya ta tsinke, ta faɗa kan bututun ƙarfe a cikin magudanar ruwa. Da iskar ta lafa, Ƙasimu ya je janye injin ban-ruwansa daga bakin magudanar, ya sa ƙafa a ruwan. Ina rumfar masallaci aka bugo wa wani waya daga fadama. Na bar takalmana a nan, na yi gudun da ban san ina da shi ba zuwa tasha, na kashe komai. Ashe a lokacin ƙannensa biyu sun isa bakin ruwan, ana riƙe su suna fizgewa za su faɗa su ciro shi.

Ni ne mai kula da tashar solar garin nan. Shekara biyu ke nan da kamfani ya turo ni daga Wurno, ni da difloma ɗaya da akwatin kayan aiki. Suna ce mini Injiniya, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Wutar gari, da ta ɗakin shan magani, da ta injunan ban-ruwa goma sha bakwai na fadama, duk daga ɗaki ɗaya take fita, kuma makullin ɗakin yana aljihuna.

Yau mutum huɗu sun tsayar da ni a hanya suna sa mini albarka. Ban iya cin abinci ba.

Lahadi, 12 ga Mayu, hantsi

Na maido da wutar gari. Layin fadama na bar shi a kashe. Kwamfutar da ake duba na'urar tasha da ita tana cikin jaka, ban buɗe ba.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Na je zaman makoki karo na uku. Niyyata in zauna a bayan mutane, in shafa fatiha, in sulale. Baba Atiku, mahaifin Ƙasimu, ya hango ni. Tsoho ne dogo, kurman kunne ɗaya, shi ya sa kullum yake karkata kai in ana magana. Ya matsa, ya buga tabarma kusa da shi da tafin hannu. Dole na je.

Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Injiniya, Allah shi yi maka albarka. Da ba ka yi gudun nan ba, da gawa ukku munka ɗauko, ba guda ba."

Na ce, "Baba, Allah shi jiƙan shi."

"Amin. Wa'adi ne. Wanda yab ba ni shi, shi yak karɓi abinai. Waya mi tas sani? Iska ta kada ta."

Mutane suka ce haka ne, haka ne. Ni ma bakina ya ce haka ne. Daga cikin gida ana jin muryar ƙaramar 'yar Ƙasimu tana rigimar a ba ta wani abu. Matarsa Hassana ta shiga takaba, yara uku ya bari, ga shinkafar rani a fadama da saura 'yan makonni a yanke.

Hannun tsohon yana da sanyi da kaushi. Na daɗe ina jin sa a tafina bayan na dawo.

Talata, 14 ga Mayu, da walaha

Mun tsayar da sabon turke, mun ja waya. Aikin ya ƙare tun ƙarfe goma. Manoma suka tsaya suna jira in ce to. Na ce sai injiniyan kamfani ya zo daga Sakkwato ya duba. Ba su ji daɗi ba, amma ba wanda ya iya yi mini musu a makon nan. Masu hali sun fara aron injin mai shan fetur.

Zan rubuta yadda na'urar take, don in ga ko a rubuce abin zai fito daban.

Babbar inbata, na'urar da ke mai da wutar batura ta zama irin ta gida, ita ce mai kafa wutar garin nan. Ƙananan da ke kan farantan sola bin ta suke, kamar mamu da liman. In ta sallame, kowa ya sallame. Janareta, in waya ta haɗu da ƙarfe ko ta faɗi ƙasa, yakan turo wuta ninki biyar ko shida a take, sai bireka ya ji, ya tsinke layin. Inbata ba ta da wannan ƙashin. In ta turo haka, kayan cikinta ƙonewa za su yi. Don haka aka yi mata iyaka: komai jan da aka yi mata, ba ta wuce nan. Sai dai ta rage ƙarfi, ƙwayayen lantarki su dushe, ta riƙe. Bireka kuwa ba ya jin komai, don wutar ba ta kai inda zai ji ba. Shi ya sa aka sa mata agogo a ciki. In ta yi daƙiƙa uku tana kan iyakar nan, sai ta kashe kanta, gari ya yi shiru, duk wata wayar da ta faɗi ta zama igiya kawai.

Daƙiƙa uku. Na tsaya a nan yau.

Laraba, 15 ga Mayu, azahar

Hadari ya haɗo ta gabashin Taloka. Na ruga tasha na kashe gari da hannu. Bai zubo ba. Masu ƙanƙara sun yi ta ƙunƙuni.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

An yi sadakar bakwai. Ina dawowa na tarar da buhun albasa a ƙofar ɗakina. Maƙwabcina ya ce daga gidan Baba Atiku ne, cikin albasar da Ƙasimu ya ajiye bana, an ce in yi miya.

Na ja shi ciki don kada a ga na bar shi a waje. Ba zan iya ci ba, ba zan iya bayarwa ba, don a garin nan ko allura ka bayar sai an san daga inda ta fito. Yanzu ɗakin duk warin albasa. Har hulata ta ɗauka.

Mako ɗaya daidai. Da ƙarfe biyar saura ta yi, na samu kaina ina kallon agogo, ina ta kallo har biyar ta gota.

Juma'a, 17 ga Mayu, kafin masallaci

Ban buɗe kwamfutar ba.

Asabar, 18 ga Mayu, da walaha

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ɗazu wani ya ce mini, "Injiniya, ashe kai ne," na ɗauka asirina ne ya tonu. Ashe sallama ce kawai, bai gane ni daga baya ba.

To, bari in rubuta na watan Maris.

Kowace safiya bayan asuba manoma sukan kunna injunansu kusan a tare, kowa yana so ya gama kafin rana ta yi zafi. Injin ban-ruwa kuwa lokacin tashi yakan ja wuta fiye da kima. Goma sha bakwai a tare, sai inbata ta kai iyaka, ta ƙirga uku, ta faɗi. In tayar, su sake kunnawa, ta sake faɗi. Wata safiyar sau biyar. Ƙasimu ne mai bakin cikinsu. A gaban mai shayi ya ce mini, "Injiniya, wagga wuta taka hwarhwaɗiya gare ta? Da mun taɓa ta sai ta hwaɗi tana shure-shure." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Ba na son a yi mini dariya. Tun ina yaro haka nake, uwata takan ce girman kaina ya riga ni fitowa.

Ina da lambar sirrin shiga saitin na'urar. Oga Patrick, injiniyan kamfani, ya taɓa karanto mini ita a waya don in gyara wani ɗan abu, ni kuma na riƙe. Na kwana uku ina karanta littafinta. Na yi abu biyu. Na ɗan sauke iyakar ƙasa, yadda ko ta daɗe a kanta ba za ta yi zafi ba. Sannan na cire agogon. Na ce ta riƙe har injuna su gama tashi, ba sai ta faɗi ba.

Kuma ta riƙe. Wata biyu wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Da safe ƙwayaye su dushe, na'ura ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci, injuna su tashi, komai ya daidaita. Har daga garin Rara aka zo ana tambaya wane ne mai kula da tashar nan. Ƙasimu ya kawo mini kifi, ya ce ya janye maganarsa. Na yi ta tafiya kamar ni na ƙera rana.

Garin neman gira. Ba sai na ƙarasa ba.

Ina iya mayar da saitin yau ɗin nan, minti biyar ne. Ban yi ba. In na mayar, na amsa ke nan. Sai na zaɓi in riƙa gudu tasha duk lokacin da ganye ya motsa. Wannan ba taka-tsantsan ba ne, tsoro ne, na sani.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan azahar

Gurnanin nan ina jin sa ko ba na tasha. Ɗazu a kasuwa na ji shi, na tsaya cak. Injin niƙa ne.

Litinin, 20 ga Mayu, la'asar sakaliya

Oga Patrick ya zo. Mutumin Filato ne, mai jiki, mai yawan gumi, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ya duba turke, ya duba waya, ya je ya yi wa Baba Atiku gaisuwa ya tsuguna har ƙasa. Sannan muka shiga tasha ya ce in kawo kwamfuta.

Na'urar tana rubuta duk abin da ya same ta, da lokacinsa. Ya buɗe ranar Alhamis. Ina tsaye a bayansa ina kallon ƙeyarsa, don ba na son kallon allon.

Ya ce, "Abdul, zo ka karanta mini wannan. Idona ba ya gani da kyau."

Ƙarya yake, idonsa lafiya lau. Na karanta. Ta shiga iyaka ƙarfe huɗu da minti arba'in da ɗaya. Ta fita ƙarfe biyar da minti biyar, lokacin da na kashe ta da hannu.

Minti ashirin da huɗu.

Ya ce, "Mutumin, yaushe ya shiga ruwan?"

Na ce, "Wajen ƙarhe biyar."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya koma watan Maris, ya ga ranar da aka taɓa saiti. Bai tambaye ni wa ya taɓa ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya mayar da iyakar inda take, ya mayar da agogon, ya sauya lambar sirri a gabana.

Ya ce, "Ni na ba ka lambar. Kuma tun farko na rubuta musu cewa layin fadama yana bukatar na'urar da ke jin wuta in ta zube ƙasa, ba wannan bireka na zamanin janareta ba. Suka ce sai an samu hali. In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Na ce, "Oga, mi za ku rubuta?"

"Iska ta kayar da turke, waya ta faɗi a ruwa, mutum ya rasu. Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"Zan ƙara cewa a kawo na'urar nan cikin gaggawa, zan tsaya a kai. Sauran kuma, kana da mata, kana da yara. Mutanen nan sun riga sun bar wa Allah. Kada ka je ka tono abin da ba za ka iya binnewa ba."

Don alheri ya faɗa, na sani. Ya kunna layin fadama da hannunsa kafin ya tafi. Ya bar mini gorar ruwa mai sanyi a kan tebur.

Talata, 21 ga Mayu, bayan asuba

Sun kunna a tare. Ta ƙirga uku ta faɗi. Na tayar. Ta sake faɗi. Sau huɗu.

Duk faɗuwar da ta yi sai in ji wani sanyi a ƙirjina, sannan in tuna da daƙiƙa uku kawai ake nema ranar nan.

Alhamis, 23 ga Mayu, Wurno, bayan azahar

Na zo gida kwana ɗaya. Na ɗauko buhun albasar a bayan babur, na ce ko a nan za a ci. Matata Fatsuma ta yi murna, ta ce albasar fadama ce mai kyau, ta yi miya da ita. Na sa hannu a kwano na kasa kaiwa baki.

Shekara tara muna tare, ba ta bukatar a yi mata bayani mai tsawo. Ta kori yara waje, ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Abban Khalid, mi ad da kai? Tun da kaz zo ba ka dubi idon kowa ba."

Na gaya mata na watan Maris. Na gaya mata minti ashirin da huɗu. Ta murza zoben hannunta.

"Ka yi da niyyar cuta?"

"A'a."

"To ka roƙi Allah gahwara, ka yi sadaka." Ta ɗan tsaya. "Amma ba shi ke nan ba, ko? Akwai saura."

Na ce ba saura. Ta dube ni, ta tashi ta kwashe kwanon. Ba ta sake tambaya ba, kuma ba ta yarda ba.

Asabar, 25 ga Mayu, hantsi

Sau shida yau. Shinkafa tana kan ɗaukar ido, ruwa biyu ko uku take nema ta ƙarasa, damina kuma ta yi alkawari ta ƙi cikawa. Albarkar da ake sa mini ta fara ƙarewa. Wani ya ce a bayana, injiniyan Sakkwato ya zo ya lalata abin da yake lafiya lau.

Na ce musu su riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce to, kowa kuma yana so ya zama na fari.

Lahadi, 26 ga Mayu, la'asar

Na yi sallah a tasha. Kwana goma sha bakwai ke nan ban zauna a rumfar masallaci ba. Ko na shiga, da an sallame nake fita ta ƙofar gefe.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan azahar

Fatsuma ta yi gaskiya, akwai saura. Oga Patrick bai gani a kwamfuta ba, don na'ura ba ta rubuta irin wannan.

Ranar Alhamis ɗin, da aka idar da sallah iska ta hana kowa fita. Muka zauna a rumfa, mu kusan ashirin. Akwai fanka a sama da ƙwai ɗaya. Muna zaune sai fankar ta rage gudu, har ana iya ƙirga fukafukanta. Ƙwan ya koma ja. Wani ya ce, to, za a ɗauke.

Ni na san abin da hakan yake nufi. Aikina ke nan. Ba lokacin tashin injuna ba ne. In fanka ta yi haka da la'asar ana iska, to wani abu ya kama layi a wani wuri. Na ce a raina reshe ne, zai faɗo da kansa. Yayyafi ake yi, ina sanye da sabuwar shadda, ban so in jiƙe ba.

Sai na nuna fankar da yatsa na ce, "Ku dibe ta. Wani abu ya kama ta can, amma ba ta hwaɗuwa. Wagga ko mi yas same ta, sai dai ta yi nishi."

Aka yi dariya. Na ji daɗi. Na shiga yi musu bayanin yadda na gyara ta.

Ƙasimu yana nan. Yana jingine da ginshiƙi, hularsa a gwiwa. Da iskar ta sassauta ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya ce, "To Injiniya, ta warke hwarhwaɗiya." Ya bi ta gabana, har gefen rigarsa ya taɓa ƙafata. Na ga ya nufi hanyar fadama. Fankar tana nan tana juyawa a hankali a kanmu.

Kalma ɗaya ce. Dakata. Ko in tashi in jiƙa shaddar.

Na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Talata, 28 ga Mayu, bayan asuba

Sau biyar.

Laraba, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Baba Atiku ya zo tasha da hantsi, shi kaɗai, da sandarsa. Bai taɓa shigowa ba. Na ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a kan dakalin ƙofa. Na zauna a ƙasa.

Ya ce manoma ne suka turo shi, don sun san ba zan ƙi maganarsa ba. Shi ma yana da tasa bukatar. Gonar Ƙasimu tana hannunsa yanzu, ita ce abincin marayu bana, kuma ƙasar ta fara tsagewa.

Ya ce, "Injiniya, mai da muna ita yadda kay yi ta da. Wata biyu ba mu ga ɗaukewa ba. Kwana goma kaɗai muka so, mu yanke shinkahwa."

Ina iya cewa an sauya lambar sirri. Gaskiya ce, kuma da ta wadatar. Har na buɗe baki da ita.

Na ce, "Baba, gyaran nan da kuka so in mai da, shi yak kashe Ƙasimu."

Ya karkato kunnensa mai ji. Dole na sake faɗa, da ƙarfi. Ban taɓa jin muryata ta yi muni haka ba.

Na gaya masa duka. Agogon da na cire. Cewa da ban taɓa ba, da wutar ta mutu tun kafin Ƙasimu ya ɗauki hularsa. Cewa na ga fankar, na san ma'anarta, na zauna ina surutu saboda riga. Ban yi kuka ba sai da na zo kan rigar.

Ya daɗe yana zana ƙasa da bakin sanda. Na'urar tana aikinta a bayanmu. Na jira ya tsine mini, na ma shirya.

Ya ce, "Ina nan zaune kusa gare ka. Na ji ka. Ni ma na yi dariya."

Na ɗago na dube shi.

"Kuma ni nac ce shi tashi. Kai ba ka ji ba, kana cikin bayani. Nac ce, iska ta hwaɗi, tai ka ɗauke injin kada ruwa shi ci shi. Shi cewa yay yi a bari sai gobe. Nac ce ragonci ne." Ya share baki da hannun riga. "Kwana ashirin ina zaune da wanga. Ina cewa ni kaɗai ne."

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Akuyar maƙwabta ta shigo ta leƙa mu ta fita.

Daga baya ya ce, "Bar ta ta riƙa hwaɗuwa. Ni ka hwaɗa musu. Za su kunna guda-guda, ni zan tsaya bisa gona da sanda. Namu shi ne na ƙarshe."

Na ce, "Baba, ku yahe mani."

Ya dafa sanda ya miƙe, a hankali, sai da na tallafe shi. Bai janye hannunsa ba.

"Nawa na yahe, Abdu. Allah shi yahe muna baki ɗai. Amma haƙƙin ba nawa ba ne ni ɗai. Akwai Hassana, akwai ɗiyanta. Ba ni yahe maka abin da ba nawa ba."

Na ce to in je yanzu.

"A'a. Tana takaba, ba ka shiga gare ta da wanga nauyi. Kuma ba ni hwaɗa mata, ba wanda za shi hwaɗa mata. In ta hita, ka zo da bakinka, ka zauna gabanta yadda kaz zauna gabana. Abin da tac ce, shi ke nan."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai yau.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan asuba

Sun kunna guda-guda. Ina jin su daga tasha, kowane inji yana tashi bayan ɗan'uwansa. Na ƙirga goma sha shida, aka daɗe, sannan na sha bakwai ya tashi.

Na buga wa Oga Patrick waya na ce ya ƙara nawa laifin a rahoton. Ya ce ina sane za su iya sallamata? Na ce ina sane. Na roƙe shi abu ɗaya, ko za su sallame ni, su bar ni a garin nan har tsakiyar Satumba.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Na cire waɗanda suka wuce, saura kwana ɗari da tara. Ƙofar gidan Ƙasimu tana kan hanyata ta zuwa tasha, safe da yamma, kuma yaran sun saba gaishe ni.